Gilashin ado na tanderu da aka yi mani a Katsina: kyau kam akwai, amma a shirya jira

Tun da aka saka gilasan nan a gidan da na gina can bayan Barhim mutane ke tare ni da tambaya, wani a masallaci wani a wurin aiki, wai daga Dubai aka yo odarsu ko Turkiyya. To ba ko ɗaya, a nan cikin garin Katsina aka yi su. Wani matashi ne da ya karanta fasahar gilashi a ABU Zariya, ya gama ya dawo gida ya kama shago mai ɗan fili a baya ya kafa tanderun lantarki, yana gasa gilashi kala-kala yana yi ma mutane na ƙofofi da tagogi da fitilun bango. Sunanshi da na shagon zan bar su a cikina, don yabo akwai ƙorafi ma akwai, kuma ban son maganata ta taɓa ma yaro kasuwa alhali yanzu yake tasowa.

Abu uku ya yi mani. Gilashin saman ƙofar falo wanda ke kallon gabas, da dagi a tsakiyarshi. Sai doguwar tagar nan ta wurin matattakalar bene, falle uku wani bisa wani, ita kuma yamma take kallo, ku riƙe wannan don daga nan rigima ta taso. Sai murfin fitilun bango guda biyu na cikin falo.

Da yawa in suka ji an ce gilashi mai kala abin da ke zo masu a rai shi ne sitikar nan da 'yan alminiyam ke mannawa ta baya, ko wanda ake fesa ma fenti, wanda in ya sha ranar garin nan ya ƙoshi sai ka ga ja ya koɗe gefe-gefe ya fara ɗagowa yara suna ɓantara. Wasu kuma su ɗauka irin na tsofaffin gine-ginen Turai ne da ake yanka ƙananan gilasai a haɗe su da darma. Wannan daban yake. Kalar a cikin jikin gilashin take tun daga masana'anta, ƙarafa ake zubawa a narka tare da shi, kobal shi ke ba da shuɗin nan mai duhu, tagulla ta ba da shuɗi mai ratsin kore, ja da ruwan lemo daga seleniyam da kadmiyam suke, ruwan hoda mai kyau kuwa zinari ne na gaske a ciki, shi ya sa da uwargida ta nuna shi ta ce shi take so sai farashi ya yi tsalle muka koma kan ja. Ana yanka su ne a jera wani kan wani a sa a tanderu su narke su zama falle ɗaya, ba gam ba darma, kuma rana ba ta cin kalar.

Kafin in ba da ko sisi sai da na je na ga yadda yake aikin, gani ya kori ji. Tanderun wani akwatin ƙarfe ne mai murfi ta sama, cikinshi farin bulo ne maras nauyi, wayoyin wuta na zagaye a jikin murfin, a gefe kuma akwai ɗan allo mai lambobi inda yake shigar da tsarin gashin. Girman tanderu shi ne iyakar girman gilashin da za a iya yi maka, kuma nashi ba wani babba ba ne, wannan ya sa tagar benen ta zama falle uku maimakon ɗaya dogo yadda na so tun farko. Duk mai son aiki ya fara tambayar wannan kafin birkila ya fitar da ramin taga, ba sai an gama filasta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsaftarshi. Kowane yanki sai ya wanke ya goge ya riƙe ta gefe da safar hannu, ya ce maiƙon yatsa ko ƙura in suka shiga wuta tare da gilashi sai saman ya fito da wani hazo-hazo fari wanda ba sabulun da ke fitar da shi. Ka san ƙurar Katsina kuma lokacin hunturu, ƙofa a rufe ma shiga take, shi ya sa ya rataya jiƙaƙƙen bargo a bakin ɗakin da yake jera aikin. Farantin da ake ɗora gilashin a kai yana shafe shi da wata farar hoda da aka kwaɓa da ruwa ya bushe don kada gilashi ya manne. Yana da kwalabe jere cike da dakakken gilashi, wani gari wani tsaki-tsaki, da ƙaramin cokali yake ɗiba yana barbaɗawa inda yake son kala ta sirka. Na tsaya a kanshi yana jera hannuwan dagin nan nawa, yanki-yanki, yana turawa da tsinke har sai layukan da ke shiga ƙarƙashin juna sun zauna daidai, ai in ka kuskure ɗaya a dagi duk ɗan Arewa zai gane.

Falle biyu yake haɗawa masu kaurin milimita 3 kowanne, su ba da 6. Na ce mi zai hana a sa ɗaya a rage kuɗi, ya ce “Alhaji narkakken gilashi milimita 6 yake son zama, in ka ba shi ƙasa da haka sai ya tattare gefenshi ya shige ciki, in ka tara mashi fiye da haka sai ya baje ya malala sai ka tare shi da shinge.” Wuta kuma gwargwadon abin da ake nema ce. In ana son ya narke ya yi sumul ana kai shi wajen digiri 800, in ana son yankunan su manne amma a riƙa jin tudunsu a hannu ana tsayawa ƙasa da haka, in kuma lanƙwasawa kawai za a yi a kan wani mazubi, irin murfin fitila ko kwano, wajen 650 zuwa 700 ya isa. Nawa na saman ƙofa na ce a bar mashi tudu kaɗan. Akwai wani yanki da na gani fari-fari ruwan zuma na ce ai ni ja na ce, ya ce in bari ya shiga wuta tukunna, ilai kuwa da aka buɗe ya koma ja wur. Sannan inda shuɗin tagulla ya taɓa rawaya wani siririn layi mai duhu ya fito da kanshi, sinadaran cikin kalolin biyu ne suka haɗu, shi ya san za a yi haka ya kuma yi amfani da shi ya zama iyakar zanen. Nan na yarda yaron ya san abin da yake yi.

Amma duk wannan ba shi ne aikin ba. Kai gilashi ga narkewa abu ne mai sauƙi, saukowar ita ce ke raba gwani da ɗan koyo, kuma ita ce mai saye ba ya gani da ido. Kowa ya san yadda kofin gilashi ke tsagewa in ka tsiyaya mashi tafasasshen shayi da asubar hunturu, ciki ya ɗau zafi waje na da sanyi. To haka ke faruwa in aka bar gilashi ya huce da gaggawa, waje ya daskare ciki bai gama ba, sai wani ɗauri ya zauna a cikinshi wanda ba ka gani, yana iya fitowa lafiya lau a saka maka a bango ka biya kuɗi sai bayan wata da watanni ka ji ƙas cikin dare. Saboda haka in ya sauko wajen digiri 480 zuwa 520, gwargwadon irin gilashin, ana riƙe shi a nan a daina sauka, mai milimita 6 kamar awa ɗaya, mai 12 awa biyu, mai 25 awa huɗu, sannan a riƙa sauka a hankali a hankali, kuma ba a ɗaga murfi sai ya huce sarai ko da kuwa mai kaya na tsaye yana jira. Gashi ɗaya yini da kwana yake ci. Yanzu ka haɗa wannan da halin wutarmu, in aka ɗauke ana tsakiyar riƙon nan aiki ya tashi, dole janareta na gefe da mai a ciki da mutum a farke. Rabin tsadar abin daga nan take, kuma da na ga haka na daina jin haushin farashin.

Sai maganar irin gilashin. Na tambaye shi mi ya sa ba zai saye fasassun kwalabe wurin 'yan jari-bola ba, ga kore ga ruwan ƙasa ga fari a banza, sai ya yi dariya ya ce “ranka ya daɗe ba kowane gilashi ke zama da ɗan'uwanshi ba.” Kowane iri akwai yadda yake buɗewa in ya ji zafi da yadda yake tsukewa in ya huce, in ka narka biyu da ba su dace ba to a wurin hucewa ɗaya zai ja ɗaya, tsaga ce ƙarshenta. Shi ya sa masu yin gilashin wannan sana'a ke sa mashi lamba, akwai 90 akwai 96, kuma ba a gauraya su. Nashi na Bullseye ne, wani kamfani a Fotland ta Amurka da ke wannan harka tun 1974, ta hannun wani a Legas yake samu, to ka ga da dala ake magana. Gilashin taga na kasuwa, wanda ake yi ta hanyar malala shi a kan narkakken kuza yadda kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da ita a 1959, shi ma ana gasa shi amma shi kaɗai da irinshi, ya fi araha nesa ba kusa ba sai dai ba ya da kalolin nan kuma ya fi saurin yin hazo. Ya nuna mani samfur na irinshi da ya yi ma wani otal, fari ne mai zanen tudu da kwari, ba laifi wallahi ga mai son rufin asiri kawai ba ruwanshi da kala.

Mu dai ba baƙin gilashi ba ne a ƙasar nan in aka bi ta. Masaga, wato masu sana'ar gilashi na Bida, sun daɗe suna narka kwalabe suna yin awarwaro da duwatsun wuya, iyayenmu mata sun sa su, har UNESCO ta sa Bida cikin biranen sana'ar hannu a 2021. Sai dai nasu a bakin wuta ake sarrafa shi yana narke a jikin ƙarfe, kuma ƙaramin abu ne, ba falle mai faɗin ƙofa da zai zauna cikin firam yana shan rana ba. Abin takaici ga yashi Allah ya ba mu, ga kamfanonin kwalba a kudu, amma falle mai kala sai an ƙetaro da shi teku.

To yanzu ƙorafi. Na farko alkawari. Na ba da kafin alƙalami fiye da rabi saboda ya ce sai ya yi odar shuɗi, muka yi da shi kafin azumi za a saka, aka yi azumi aka yi salla aka gama hawan sarki baƙin da na so su gani suka zo suka koma taga na toshe da kwali da filawud. Jinkirin ma da sauƙi da yana ɗaukar waya. Ka kira ba a ɗauka, ka tura saƙo a WhatsApp ka ga an buɗe ba amsa, sai ka taka ka je ka same shi yana ta ba da haƙuri, yau kaya sun maƙale a hanya gobe falle ɗaya ya fito da ƙatuwar kumfa a tsakiya ya sake. Na yarda gaskiya yake faɗi don na ga wanda ya lalace ɗin jingine a bango, amma mi zai hana ka kira mutum ka gaya mashi? Wannan hali na masu sana'armu ya ishe ni, ga hannu ga basira amma waya ta gagara.

Na biyu shi ne babba. Da kaya suka fito bai zo sakawa da kanshi ba, yaronshi ya aiko da su a Keke Napep an naɗe da katifa, mai waldar da ya yi firam ɗin shi ya saka. Na saman ƙofa ya zauna lafiya. Na bene kuwa mai walda ya matse su cikin ƙarfe tsam ba roba ba komai, ya bi da silikon ya tafi. Da bazara ta kankama, ranar yamman nan ta watan Afrilu da ke dukan bango tun daga azahar har la'asar sakaliya, falle na tsakiya wanda ya fi yawan shuɗi mai duhu ya tsage, tsagar ta taso daga gefe ta miƙe sannan ta karkace ta ratsa zanen. Na kira su duka biyu na haɗa su a gindin bene. Mai walda ya ce shi shekara nawa yana saka gilashi bai taɓa ganin haka ba, gilashin ne ba shi da ƙwari. Shi kuma mai gilashin ya fito da wasu ledoji biyu masu duhu ya sa ɗaya a bayan falle na ƙasa ɗaya a gaba ya haska fitilar waya yana juya ta gaban, ya ce in akwai ɗauri a ciki za a ga haske fari yana zagaye yankunan, muka duba ba mu ga komai ba, wato gashinshi lafiya yake. Bayaninshi shi ne kala mai duhu ta fi shan zafi, tsakiya ya yi zafi ya buɗe gefen da ke ɓoye cikin firam bai kai shi ba, ga shi kuma an matse ba inda zai motsa, dole ya tsage. Ya ce ana barin 'yan milimita a kowane gefe, a ɗora shi bisa ƙananan robobi, kada gilashi ya taɓa ƙarfe ko kaɗan.

Bayanin ya shiga kaina, amma na ce mashi to kai da ka san duk wannan ina kake ranar sakawa? Mai walda bai taɓa riƙe irin wannan gilashi ba a rayuwarshi, kai ka san taga yamma take kallo don ka zo ka auna da kanka, ko takarda ba ka rubuto ba. A ganina laifin nashi ne fiye da na mai walda. Bai yi gardama ba, wannan na yaba mashi, ya ce “Alhaji na ɗauka, a yi haƙuri.” Ya sake falle ɗin ni na biya kuɗin gilashi shi ya ɗauki wuta da aiki, ya rage duhun shuɗin, ya zo da kanshi aka kwance duka ukun aka sake zaunar da su da roba. Wannan ma sai da aka sake jira. Sun wuce bazara guda tun daga nan ba abin da ya same su.

Akwai abin da ya kamata masu yara su sani, wanda shi ma sai da na tambaya ya faɗa. Wannan ba irin gilashin gefen mota ba ne da ke rugujewa tsaki-tsaki in ya fashe, manyan yankuna yake yi masu kaifi. Ga nauyi, mai milimita 6 kowace murabba'in mita kilo 15 ce. Don haka inda yaro zai iya kai mashi karo ko ƙwallo, ko jikin ƙofar da ake bugawa, ko dai a manna shi da wani falle da ledar nan ta tsakiya irin ta gilashin gaban mota, ko a sa mai ƙwari ta waje ya kare shi. Falle na ƙasa a benena mun ƙara mashi kariya ta waje, kuɗi ne ƙari wanda da an faɗa tun farko da na sa a lissafi.

Zama da su kuwa, na saman ƙofa shi ne ya biya kuɗinshi. Da hantsi in rana ta bugo shi ja da shuɗi da rawaya suna sauka a kan tayil har bakin kujeru, kafin azahar sun janye, ba labule ba komai kuma na waje ba ya ganin cikin falo sai dai inuwa, wanda ga gidan Bahaushe ba ƙaramin abu ba ne. Na bene ya sa mun daina kunna fitila a wurin da rana. Da dare labari ya juya, daga ciki duhu ne kawai ba ka ganin kalar, masu wucewa a layi su ke morewa in fitilar falo na kunne. Duk wanda zai saka a bangon da haske ba ya ratsawa gaskiya ya yi asarar kuɗi, gara ya saye tayil mai kyau.

Ƙura ita ce ɗawainiyar. Tudun nan da na ce a bar mashi yana da daɗin taɓawa amma hazo na kwanciya a kowane lungu, Allah ya sa ta ciki muka juya shi, gefen sumul na waje. Tsumma mai laushi da ruwa ya isa, kada a bari 'yan aiki su sa mashi soson ƙarfe.

Fitilun bangon su ne ban gamsu da su ba. Ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, in ka tsaya tsakiyar falo kana gane ba su yi daidai ba, kuma ƙarfen da ke riƙe su aikin gaggawa ne fenti har ya fara tashi. Ya ce aikin hannu ne ba a samun biyu iri ɗaya, na ce wannan ai mazubi ɗaya ka sa su. Da kuɗinsu da na ƙara girman na saman ƙofa.

Farashi ba zan sa lamba ba don da dala yake tafiya, abin da na biya bara ba shi ne na yau ba, amma dai na saman ƙofa kaɗai ya tasam ma kuɗin ita kanta ƙofar ƙarfen. Uwargida na son ya yi mata kwanon wanke hannu na gilashi irin wanda ta gani a shagon, na ce a'a, da yaran gidan nan da ruwan zafin hunturu ban ga zai kai labari ba. Kwamitin masallacin unguwarmu sun zo sun duba suna son a yi masu ƙananan tagogi na sama, na ba su shawara su rubuta ranar kawo kaya a takarda kowa ya sa hannu, su riƙe kaso mai tsoka sai an saka, kuma su sa a cikin yarjejeniyar cewa shi da kanshi zai hau tsani ranar sakawa.